Daga Biyana Zuwa Abu Na'ama: Ko Sauraron Kiɗa Yana Ƙara Basira?

Akwai wata magana da ta haura shekara talatin tana yawo a duniya. A jaridun Amurka ta fara, ta shiga littattafan renon yara, yanzu kuma ta tare a wayoyin hannu: wai in ana kunna wa jariri kiɗan wani Bature mai suna Mozart, zai tashi da kaifin basira. Wanda duk ya rubuta sunan a YouTube zai tarar da faifai masu tsawon awoyi, an yi musu laƙabi da kiɗan buɗe ƙwaƙwalwa. Uwar da ta ci karo da irin wannan a Abu Na'ama, ko Mai Wurno, ko wani ƙauyen Hausawa na gaɓar Nil Azraƙ, reshen Nilu da ya gangaro daga Habasha, ba a ga laifinta ba in ta tsaya ta saurara. Babu iyayen da ba sa neman maganin karatu. Sai dai ita wannan magana an san ranar da aka haife ta, an san waɗanda suka yi renonta, an kuma auna ta sau da dama. Abin da awon ya nuna ya fi jita-jitar amfani.

Makaɗin fada, ɗan gado

An haifi Wolfgang Amadeus Mozart a Salzburg, cikin Ostiriya ta yau, ranar 27 ga Janairu 1756. Ya mutu a Biyana ranar 5 ga Disamba 1791, yana da shekara 35. A wannan gajeren zama ya bar ayyuka fiye da 600: kiɗan taron makaɗa, kiɗan fiyano, kiɗan coci, da wasannin kwaikwayo da ake rerawa daga farko har ƙarshe. A 1862 wani masani, Ludwig von Köchel, ya jera su ya ba kowanne lamba, har zuwa ta 626, kiɗan makoki da ajali ya riske shi bai gama ba.

Da a ƙasar Hausa ya zo, da makaɗin fada za a kira shi, kuma ɗan gado. Ubansa Leopold makaɗi ne a fadar babban limamin cocin da ke mulkin Salzburg, gwanin goge irin na Turawa, har ya wallafa littafin koyar da shi a shekarar da aka haifi yaron. Tun Wolfgang yana shekara huɗu uban ya zaunar da shi gaban kayan kiɗa, kusa da yayarsa Maria Anna. Yana shekara biyar ya fara tsara 'yan gajerun kiɗa, uban yana rubuta masa. Daga 1763 zuwa 1766 iyalin suna bisa hanya, daga biranen Jamus zuwa Faris, Landan da Holan, yaran suna kiɗa gaban sarakuna, suna kuma ɗaukar darasi wurin duk gwanin da suka iske. A 1781 ya ɓata da ubangidansa, ya koma Biyana yana ci da koyarwa da kiɗan taro da aikin da masu hali suka ba shi.

Mai bin tarihin makaɗanmu ya san wannan hanya. Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar ubansa Usman Ɗankwanda ya buɗe ido, ya yi shekaru yana amshi ƙarƙashin yayansa Kurna a Maradun kafin ya ja tasa ƙungiya. Baiwa tana nan, babu mai musu, amma an ɗora mata shekarun horo. Inda suka rabu shi ne wajen ajiya. Turawa suna da alamomin rubuta sauti, shi ya sa makaɗin da aka haifa shekara 200 bayan Mozart yake buɗe takarda ya buga abin da ya tsara. Bakandamiyar Narambaɗa kuwa ta iso gare mu ne don an yi dace an naɗe ta. Abin da na'ura ba ta kama ba, kuma 'yan amshi ba su riƙe ba, ya tafi da mai shi.

Cikin ayyukan Mozart akwai mai lamba 448, kiɗan fiyano biyu da ya tsara a 1781 ya buga tare da ɗalibarsa Josepha Auernhammer. Kiɗa ne mai sauri da walwala. Shi ne ya jawo duk wannan zance.

Minti goma a Kalifoniya

A watan Oktoba 1993 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani gajeren rahoto na Frances Rauscher da Gordon Shaw da Katherine Ky, na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Ɗaliban jami'a 36 suka tara. Kowane ɗalibi ya zauna sau uku, minti goma-goma: sau ɗaya yana jin kiɗa mai lamba 448, sau ɗaya yana jin faifan da ke koya wa mutum sakin jiki, sau ɗaya kuma shiru. Bayan kowane zama sai a ba shi tambayoyi daga gwajin basira na Stanford-Binet, sashen da ke auna yadda mutum ke juya siffofi a zuci. Ga irinsu: a nuna maka hoton takarda an ninke ta sau biyu ko uku, an yanke gefe da almakashi, a ce ka zaɓi kamannin da za ta yi in an warware ta.

A irin wannan gwaji ana tsayar da matsakaicin mutum a maki 100, kuma kashi biyu cikin uku na jama'a suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Da masu binciken suka mayar da sakamakonsu kan wannan ma'auni, sai suka sami 119 bayan Mozart, 111 bayan faifan sakin jiki, 110 bayan shiru. Tazarar maki takwas zuwa tara ke nan.

A lura da abu uku da rahoton da kansa ya faɗa. Manya aka gwada, babu jariri ko ɗaya. Fanni ɗaya na tunani aka auna, ba a taɓa lissafi ko harshe ko hadda ba. Ƙarin kuma bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba ya baje. Da maganar ta fita ɗakin bincike, duk ukun aka zubar a hanya.

Yadda kasuwa ta karɓe ta

Tun 1991 wani likitan kunne na Faransa, Alfred Tomatis, ya rubuta littafi yana yabon kiɗan Mozart a matsayin magani. A 1997 Don Campbell ya fitar da nasa a Amurka, tare da jerin faifai na jarirai da na yara. A Janairu 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi majalisa ta ware dala 105,000 don a ba duk jaririn da aka haifa a jihar faifan kiɗa. A shekarar ce jihar Fulorida ta yi dokar da ta wajabta wa gidajen reno masu karɓar kuɗin gwamnati su riƙa kunna irin wannan kiɗa kullum. Kamfanin Baby Einstein ya shiga sayar da bidiyon jarirai, Disney ya saye shi a 2001. A 2009, bayan matsin lambar masu kare haƙƙin yara, Disney ya yi tayin mayar wa iyaye kuɗinsu. Ita kanta Rauscher ta sha faɗa wa 'yan jarida cewa bincikenta bai ce jin kiɗa yana ƙara wa jarirai basira ba. Amma magana zarar bunu ce.

Da aka sake aunawa

A kimiyya ba a yarda da sakamako sai wasu hannaye sun maimaita sun samu. Mutum 36 kaɗan ne: in wasu sun kwana ba barci, wasu kuma sun ci sa'ar tambayoyi, lissafi sai ya karkata. Akwai kuma wata matsala. Mujallu sun fi son sakamako mai ban mamaki, wanda kuwa ya gwada bai ga komai ba sau da yawa takardarsa a aljihun tebur take ƙarewa. Maganin wannan shi ne a tattaro duk gwaje-gwajen, manya da ƙanana, a yi musu awo guda.

Christopher Chabris ya yi haka a 1999 da bincike 16, ya tarar ƙarin bai wuce maki 1.4 ba, ƙasa da bambancin da mutum ɗaya kan samu in ya zauna gwaji ɗaya sau biyu. A 2010 Jakob Pietschnig da abokan aikinsa a Jami'ar Biyana, garin da Mozart yake kwance, suka haɗa bincike kusan 40 na mutane wajen 3,000. Sun ga ɗan ƙari in an gwada Mozart da zaman shiru, amma wani kiɗan ma yana ba da kusan irinsa.

To daga ina ɗan ƙarin yake fitowa? Glenn Schellenberg da abokansa a Kanada ne suka bi sawu. A 1999 suka sa wasu ɗalibai jin Mozart a wani zama, a wani zaman kuma aka kunna musu labari na marubuci Stephen King. Wanda ya fi son kiɗan ya fi ƙoƙari bayan kiɗan, wanda ya fi son labarin ya fi ƙoƙari bayan labarin. A 2001 suka gwada kiɗa mai lamba 448 da wani kiɗa mai nauyi da sanyin jiki da ake dangantawa da wani makaɗi, Albinoni. Mai nauyin bai ƙara komai ba, kuma da aka cire tasirin nishaɗi da wartsakewa daga lissafi, ƙarin Mozart ɗin ma ya ɓace. A Birtaniya, BBC ta shirya wani gwaji a 1996 da yara fiye da 8,000 'yan shekara 10 da 11. Wasu suka ji Mozart, wasu suka ji hira, wasu suka ji waƙoƙin samari na lokacin, ciki har da ta ƙungiyar Blur. A tambayar ninka takarda, masu jin waƙoƙin samari ne suka zo gaba.

Ashe abin da kiɗan ke yi shi ne aikin kofin gahawar jabana bayan azahar. Yana kore kasala, ido ya buɗe, hankali ya taru, aiki ya yi sauri na ɗan lokaci, sannan mutum ya koma yadda yake. Babu wanda ya taɓa zama malami don yawan shan jabana.

Wannan yana da ma'ana ta musamman a wurinmu. Waƙar tsakiyar Sudan, irin ta Muhammad Wardi da Abdulkarim al-Kabli, bisa matakan sauti biyar aka gina ta, shi ya sa ba ta yi wa kunnen Bahaushe baƙunta. Ta Mozart bisa bakwai take. Tunda daɗin ji ne ke tayar da hankali, saurayin Abu Na'ama ya fi kusa da samun wartsakewa a kalangun Shata ko madihun yabon Annabi da ya saba ji a kan kiɗan da kunnensa bai san inda ya dosa ba. Gidan da ke bin fatawar malaman da suka ƙi kiɗa shi ma bai yi asarar komai ba, tunda labari mai daɗi ya yi aikin da kiɗan ya yi. Manomanmu sun riga masu bincike gane wannan: gangar noma a gayya tana sa a kai ƙarshen kunya da wuri, ba wanda ya ce tana koya wa mutum riƙon fartanya.

Sai a kiyaye abu guda. Kiɗa kafin karatu daban, kiɗa lokacin karatu daban. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna waƙa mai kalmomi tana rage fahimtar abin da ake karantawa, domin kalmomin kunne da na takarda hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa.

Mai ji da mai yi

In ji bai isa ba, koyon kiɗan fa? Nan zancen ya fi ƙarfi. A 1995 Thomas Elbert da abokansa suka auna ƙwaƙwalwar masu goge da danginsa, suka ga sashen da ke kula da yatsun hannun hagu, masu danna tsirkiya, ya fi na sauran mutane faɗi, musamman ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. Ƙwaƙwalwa tana sauyawa da aikin da aka ba ta. Makaɗin kalangu da ya shekara ashirin yana matse ganga a hammata don ta bi hawa da saukar muryar Hausa yana jin abin da ni da kai ba mu ji.

Abin tambaya shi ne ko wannan ƙwarewa tana tsallakawa zuwa lissafi da karatu. A 2004 Schellenberg ya raba yara 144 'yan shekara shida a Toronto gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon rera waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su komai ba. Bayan mako 36 dukansu sun ƙaru, don shekarar ce suka shiga makaranta. Masu kiɗa da waƙa sun ƙaru da maki 7, sauran da 4.3. Ribar ba ta kai maki uku ba, bayan shekarar karatu guda ta aiki da malami. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka haɗa bincike 54 na yara kusan 7,000, suka tarar duk lokacin da aka tsara gwaji da kyau, aka raba yara da ƙuri'a, aka kuma ba ɗaya rukunin wani abin koyo, ribar takan sauka kusan sifiri. Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun duba tagwaye fiye da 10,000. Tagwaye masu kama ɗaya, wanda ya daɗe yana koyon kiɗa bai fi ɗan'uwansa maki ba. Gaskiya ne yaran da ke koyon kiɗa sukan yi ƙoƙari a makaranta, amma galibi gidan da ke iya biyan malamin fiyano shi ne gidan da ke da littattafai da abinci da lokaci.

Horo yana tsallakawa ne zuwa maƙwabcinsa na kusa. A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha al-Fallatiya, 'yar Hausawa ce da aka haifa a Kasala. A khalwar mahaifinta, wato makarantar allonsa, a Omdurman ta yi karatun Alƙur'ani, kuma masu rubuta tarihinta suna danganta tsabtar lafazinta da iya sarrafa muryarta da wannan karatu. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman, duk da mahaifin bai so sana'ar ba. Ta rasu a 1974. Abin da ta ɗauka daga gaban allo, wato numfashi da fitar da harafi da riƙe dogon nassi, shi ne ainihin abin da mawaƙi ke bukata.

Inda waƙa ba ta da na biyu

Akwai aikin da waƙa ke yi wa ƙwaƙwalwa wanda ba a jayayya a kansa: riƙe magana. A 1994 Wanda Wallace ta nuna cewa mutane sun fi tuna baitoci in an rera su da a karanta su, da sharaɗin karin ya zama ɗaya yana maimaituwa. In kowane baiti da nasa kari, ribar takan gushe. Dalilin a fili yake. Ma'aunin baiti yana gaya maka yawan gaɓoɓin da suka rage, amsa-amo yana gaya maka sautin da za a ƙare da shi, kari kuma yana yanka dogon nassi gunduwa-gunduwa. Kalmar da ta kuɓuce ba ta da wurin ɓuya da yawa.

Malamanmu sun yi ƙarnoni suna aiki da wannan. Nahawun Larabci a Alfiyyar Ibn Malik baiti dubu ne. Fiƙihun farko a Ibn Ashir waƙe yake. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara darussan addini cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, malamai mata da ake kira jaji suna haddacewa suna kai wa matan ƙauye a tsarin 'Yan Taru. Zuriyar gidan nan ce ta iso gaɓar Nil Azraƙ bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Imfirajin Aliyu Namangi na Zariya ma da kari ɗaya ya ratsa ƙasar Hausa a bakin almajirai da makafi. Amma duk malamin zaure zai gaya maka hadda daban, fahimta daban. Wanda ya haddace Alfiyya sai ya zauna an warware masa ita baiti-baiti. Kuma ko haddar ba ta zama sai ya buɗe baki ya maimaita da kansa.

Abin da ke motsa ma'aunin da gaske

Jariri da mutum yake koyo. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta kawo jarirai 'yan wata tara daga gidajen masu Ingilishi, aka yi musu zama 12 da masu magana da Sinanci. Waɗanda aka yi wa wasa ido da ido sun koyi rarrabe sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin, ko aka kunna musu murya kawai, ba su fi waɗanda ba su taɓa ji ba. Zuwa da kai ya fi aike. Kakar da ke yi wa jika tawai tana kallon idonsa, da yayar da ke tafa masa hannu tana jiran ya mayar, suna yin abin da babu faifan da zai yi.

Sai abinci da lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana lissafa ƙarancin sinadarin aidin a matsayin babban sanadin naƙasar ƙwaƙwalwa da ake iya kaucewa. A yankunan da ƙarancin ya yi tsanani, inda ake yawan ganin maƙoƙo, an auna gibin da ya haura maki goma, alhali maganinsa gishiri ne mai aidin a tukunyar mai ciki da ta yaro. Dalma kuma tana cin basira ko da kaɗan ce. A Zamfara a 2010 ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400, ta bar wasu dubbai da guba a jini. Wasu nau'o'in kwalli da ake rambaɗa wa jarirai, a Najeriya da Sudan duka, da dutsen dalma ake yin su.

Na ƙarshe makaranta. A 2018 Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob suka duba bayanan mutane fiye da 600,000, suka ga kowace shekarar karatu tana ƙara maki ɗaya zuwa biyar, kuma ƙarin yana bin mutum har tsufa. A nan ne lissafin ya zama mai ciwo ga Sudan. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantu, har UNICEF ta ce a ƙarshen shekarar yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa aji. Wad Madani ta shiga cikin wutar a Disamba 2023, Sinja a ƙarshen Yuni 2024, iyalai suka watse daga garuruwan da ke kan hanyar Damazin. Abu Na'ama gari ne da aka sani da tashar binciken noma da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Sinnar. Mutanensa ba baƙin ilimi ba ne. Yaron da ya rasa shekara biyu ta aji ya yi asarar da za ta iya kai duk abin da aka taɓa yi wa Mozart da'awa, kuma tasa asarar ba ta minti goma ba ce.

Saboda haka wanda ya so kiɗan Mozart ya ji shi don abin da yake: aikin gwani da ya fara koyo yana shekara huɗu bai huta ba sai kabari. Haka za a ji Narambaɗa, haka za a ji Wardi. Amma in ana shawara a gida kan basirar yaro, kuɗi da lokaci kaɗan ne, a fara da duba gishirin da ke ɗaki, a tambayi mai kwalli da me aka yi shi, a kuma tabbata ranar da aka buɗe makaranta ko khalwa yaron yana cikin waɗanda suka fara zama.